Manhajar da Ta Riga Dattawa Shiga Gida

Ku da kuke zuwa shagona a Mandawari kuna cewa in koya muku gwajin manhaja cikin sati guda, don kun ji an ce aiki ne na zama a inuwa ana danne-danne, ku samu wuri ku zauna. Jiya ma wata ta dube ni ta ce, "Anti Rabi, ai ni tun ina firamare nake sauke manhajoji ina gogewa, me ya rage in koya?" Na haɗiye abin da ya zo mini baki don albarkacin uwarta. Sauke abu a waya ka yi wasa da shi ka goge, wannan kowane yaro yana yi. Aikina shi ne a kawo mini sabuwar manhaja ko sabon shafin intanet tun bai fita ba, in zauna da shi in gano inda zai cuci mutane, in faɗa wa masu shi ko suna so ko ba sa so. Galibi kuwa ba sa so. Zan ba ku labarin aiki ɗaya, na wata manhajar sanarwa da wata tsohuwa a Madabo, Gwaggo Hansai, wadda na yi ta fama kada waya ta zama ita ce za ta fara gaya mata mummunan labari. In kun ji shi har ƙarshe kuka ga har yanzu abin wasa ne, ƙofa a buɗe take.

Ni ban faɗo cikin sana'ar nan daga sama ba. Da tafireta na fara, a shagon Malam Sani da ke kusa da Ƙofar Mata, ina buga wa mutane takardu, yatsuna duk baƙin kabon. Da aka shiga yayin kafe, wato shagunan shiga intanet, ya sayo tsofaffin kwamfutoci ya jera, ya ce duk mai son ci gaba da cin abinci a wurinsa sai ya koya. Ranar da ya fara gwada ni, wasu ne suka kawo masa sabon shafin yankar tikitin mota, suna so ya riƙa yankar wa mutane. Ya ce in zauna in gwada. Na shiga, na zaɓi gari, na zaɓi kujera, tikiti ya fito tsaf. Na miƙe ina washe baki na ce, "Malam, yana aiki." Bai ko dube ni ba. Ya ce, "Kin gwada shi yadda masu shi suke so. Koma ki gwada shi yadda mutane suke." Na koma. Ina tsakiyar aikin ya fita ya kashe janareta. Ya tayar, na sake somawa, ya zare wayar intanet. Ya sa na danna wuri ɗaya sau biyu kamar yadda mai gaggawa yake yi, ya sa na koma baya na dawo. Kafin la'asar shafin nan ya ba mutum biyu kujera ɗaya. Malam Sani ya kira masu shi ya ce su zo su kwashe kayansu tun kafin a yi dambe a tasha. Mutum ne mai faɗa, Allah ya ji ƙansa, bai taɓa ce mini na yi daidai ba, amma duk abin da nake ci a yau daga hannunsa ya fito.

A wurinsa na koyi cewa ganin matsala ba shi ne aikin ba. In ka ce wa mai manhaja abinsa ya lalace, abin da zai fara cewa shi ne wayarka ce ba ta da kyau. Sai ka iya sa abin ya sake lalacewa a gaban idonsa, ka san abin da ka taɓa da farko da abin da ka taɓa daga baya, ka maimaita har ya rasa ta cewa. Wannan kuwa yana son haƙuri, wanda na lura ba da ku aka yi rabonsa ba.

Kayan aikina ga su nan a kwandon da kuke yi wa dariya. Tsofaffin wayoyi ne. Akwai mai fasasshen gilashi, akwai mai kumburarren batir da na ɗaure da roba, akwai wadda na cika da hotunan biki da gangan har ba ta da wurin ajiye komai, ga kuma 'yar ƙaramar nan mai madannai. Kowace da layin kamfani daban. Masu haɗa manhaja a ofis suke zaune, da sabuwar waya, da sabis mai ƙarfi, da sanyin na'ura yana kaɗa su. Mutanen da za su yi amfani da abin kuwa suna cikin ɗakin ƙasa mai kaurin bango a can ƙuryar lungu, inda sai ka ɗaga waya sama kamar mai kakkaɓe yanar gizo-gizo kafin saƙo ya shigo. Shi ya sa nake ɗaukar kwandona in shiga gidaje. A nan kuma na fi maza 'yan sana'ar: su iyakarsu zaure, ni kuwa har gefen murhu. Na gwada manhaja da hannun da ya fito daga wanke-wanke, da yatsan da ya sha lalle, da idon da ba ya ganin ƙananan rubutu, da wayar da duk gida ake aronta daga safe zuwa dare.

Wata manhajar ajiya da aka taɓa kawo mini, da zanen yatsa take buɗewa, masu ita suna ta alfahari ba sai ka haddace lambar sirri ba. Na ɗauke ta na kai marina. Na ba wani dattijo da ya tsufa yana tsoma hannu a ramin shuni, ya ɗora yatsa, ta ce ba ta san shi ba. Ya goge a riga ya sake, ta ce ba ta san shi ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Hajiya, ki gaya mata ni ma ban san ta ba." Wani kuma manhajar kai saƙo gida-gida ya kawo, wadda ba ta barinka ka wuce sai ka rubuta lambar gida da sunan titi. Na ce ya taso mu shiga Madabo ya nuna mini titin. Mu nan kwatance muke yi: ka wuce masallaci, ka bar mai ƙosai a dama, ka tambayi gidan masu alkaki. Ya yi fushi ya ce mutanenmu ne ba su waye ba. Na ce to ya kai manhajar inda aka waye. Irinsu da yawa ba gwaji ke kawo su ba, yabo suke nema. So suke in ce abin ya yi, su je su gaya wa masu ba su jari cewa har wata tsohuwar hannu a cikin birni ta duba.

Injiniya Mukhtar ba ya cikin waɗannan, shi ya sa nasa ya fi ci mini rai. Ɗan cikin birni ne, na san gidansu, har ƙasa yake durƙusawa ya gaishe ni. Shi da abokansa suka haɗa manhajar sanarwa ta unguwanni. Duk mai ɗaurin aure, ko suna, ko rasuwa, zai rubuta ya aika, nan take saƙon ya shiga wayar duk wanda ke unguwar da maƙwabtanta. Abin da ya fi burge ni, sun sa mata murya, tana karanta sanarwar da Hausa a bayyane saboda wanda bai iya karatu ba. Tunani ne mai kyau, ba zan ɓoye ba. Kun san yadda jana'iza take a garin nan. A rasu da safe, kafin azahar an dawo daga maƙabarta, mutum yana kasuwa bai ji ba sai daga baya, ya zo yana ba da haƙuri kamar mai laifi. Mukhtar ya ce wannan yake son ya magance.

Gidan da na fara kai ta shi ne na Gwaggo Hansai. Ƙawar mahaifiyata ce, ciwon ƙafa ya hana ta fita, ba ta yi boko ba, kunnenta kuwa ko allura ce ta faɗi sai ta ji. Ɗanta ɗaya ne a duniya, Habu, direban babbar mota, shi ya saya mata wayar don ya riƙa kiranta daga hanya. Sabis ba ya shiga ɗakinta sai a wuri guda, kan 'yar tagar da ke saman randa. A nan wayar take wuni take kwana, an ƙure mata sauti. Na san in manhaja ta yi aiki a ɗakin Gwaggo, to za ta yi a ko'ina. Na saka mata, muka zauna muna jira, don an riga an ba wasu 'yan unguwar su fara gwadawa. Can sai wayar ta yi ɗan kiɗa, wata muryar mace mai fara'a ta ce, "Sabuwar sanarwa!" Ta karanto bikin sunan da za a yi a gidan wani mai gyaran keke. Gwaggo ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Rabi, wannan yarinyar ta cikin waya ta fi 'ya'yan maƙwabta amfani. Su sai biki ya wuce suke tunawa da ni."

Da na koma shago na zube kwandon na fara bin ɓangarorinta ɗaya bayan ɗaya. Aure ya tafi daidai, suna ya tafi daidai. Da na zo kan rasuwa na kira Mukhtar na tambaye shi abin da suka gani lokacin da suka gwada wannan ɓangaren. Ya fara kame-kame. Can ya ce, "Anti, gaskiya ba mu gwada ba. Ai hanya ɗaya suke bi da na aure." Na ce me ya hana? Ya ce kowa a cikinsu ya ƙi rubuta rasuwar ƙarya. Wa zai sa sunan wa? Ka sa na abokinka ya ce kana yi masa mugun fata. Ka sa naka, hannunka ya ƙi. Ko ƙirƙirar suna ka yi, sai wani ya ce a'a, akwai mai irinsa a danginsu. Haka suka yi ta tura wa juna har suka bar shi. Na fahimce su sarai, ni ma tsikar jikina ta tashi da na zo rubutawa. Amma mai gwaji ba shi da wannan gatan. Na ɗauki sunan kakana da ya rasu tun ban yi wayo ba, na yi masa addu'a, na rubuta. Na ware waya ɗaya na ce wannan ce uwar mamaci, wata na ce matarsa, sauran maƙwabta. Na danna.

Gaba ɗaya suka ɗauka. Kiɗan nan dai na biki, muryar nan dai mai fara'a: "Sabuwar sanarwa!" Ta faɗi sunan kakana, ta ce ya rasu, za a yi jana'iza bayan azahar, da irin muryar da take gayyatar mutane cin shinkafa. Wayar da na kira uwar mamaci ma ita ta riga saura, don layinta ya fi ƙarfi. Kuma in ba a taɓa ta ba, bayan ɗan lokaci sai ta maimaita, wai don kada sanarwa ta wuce mutum.

Ban tsaya yi masa waya ba. Na tafi ofishinsu da kwandon, na jera wayoyin a kan teburinsa, na sake dannawa ya ji da kunnensa. Na ce, "Injiniya, lokacin da Allah ya yi wa mahaifinka rasuwa, wa ya gaya wa Hajiyarku?"

Ya ce ƙanin babansa ne, da liman.

Na ce, "Daga bakin ƙofa suka ɗaga murya suka ce ya mutu?"

Ya ce a'a. Sai da aka fara tura mata suka zauna da ita, sannan dattawan suka shiga, suka ce jikin ya tsananta, suka bari ta ɗan nutsu ta yi tambaya da bakinta, kafin a ce sai haƙuri.

Na ce, "To kai ka gina abin da zai riga su shiga ɗakin."

Abin da na nema bai fi ƙarfinsu ba. A riƙe sanarwar rasuwa har sai wani babba a gidan ya ce an gaya wa na jiki. In hakan ya yi musu nisa, a cire muryar daga kanta, a cire kiɗan. Ya ce, "Anti, wallahi na ji ki. Amma duk amfanin abin saurin ne. In aka tsaya jiran wani dattijo da ba ya ɗaga waya, za a binne mutum kafin sanarwa ta fita. Kuma ai yanzu ma mutane suna sakin rasuwa a dandalin sada zumunta, wani lokaci har da hoto."

Na ce, "Waɗancan ba sa buɗe baki su yi magana a ɗakin tsohuwar da ba ta karatu. Kuma ba ni aka kawo wa su in gwada ba."

Ya ce masu jari sun sa musu lokacin fitarwa, kafin azumi, ga shi wasu a wani gari suna shirin fitar da irinta. Za a gyara a sabuntawa ta gaba. Ku riƙe wannan maganar, in kun shiga sana'ar za ku ji ta har ku ƙoshi: sabuntawa ta gaba. Ya roƙe ni in zo gaban masu jarin in ce ta yi, ko da baki ne kawai. Na kwashe wayoyina na ce ba da bakina ba.

Daga nan Madabo na wuce, da niyyar goge ta daga wayar Gwaggo. Na ce mata gwaji ya ƙare, zan cire. Ta karɓe wayar ta tura ƙarƙashin cinyarta. "Me ta yi miki? Jiya ita ta gaya mini haihuwar gidan Malam Bala, na aika da sabulu tun kafin kowa. Ki bar mini abata." Na ce tana da matsala. Ta ce, "Wace iri?" To ku da kuka iya, ku gaya mini abin da zan ce. In dubi tsohuwa mai ɗa ɗaya, wanda rabin rayuwarsa a kan titi take, in ce ina jin tsoron ranar da za ta ji rasuwarsa? Wannan magana ba ta fita daga bakin mai hankali. Na yi ta kewaye-kewaye. Na ce tana cin data, ta ce Habu ne ke sawa. Na ce tana cinye caji, ta ce ina ruwana. Na lallaɓa na rage sautin, kafin in kai bakin lungu ta sa an ƙure mata. Da Habu ya dawo daga tafiya na same shi na faɗa masa a fakaice. Ya yi dariya ya ce, "Yaya Rabi, ita ce abokiyar hirarta in ba na nan. Ki bar mata, Allah dai ya kiyaye." Na ce amin.

Manhaja ta fita, ta kuma karɓu, ni kuwa na shiga shekarar da ban taɓa ganin irinta ba. Masu wannan harkar a garin nan duk sun san juna, wuri ɗaya suke shan shayi. Magana ta zaga cewa Rabi ta tsufa, tana ɓata wa mutane lokaci, kuma tana da mugun baki, ita ce mai rubuta rasuwar mutane da sunan gwaji. Aiki ya ɗauke ƙaf. Suka koma raba wa ɗalibai, a sa musu data, su ɗan lallatsa su ce komai lafiya. Wani da na daɗe ina yi wa aiki ya ce mini yanzu akwai na'urar da ke gwada manhaja da kanta, ba a buƙatar mutum. Na ce ya tambayi na'urar ko ta taɓa zuwa gaisuwar mutuwa. Na koma buga wa 'yan makaranta aikin kammala karatu, da furfurata, kamar wadda ta fara jiya. Rashin aikin da ciwo, amma ba shi ya fi ƙona mini rai ba. Sabuntawa ta fito, na sauke da rawar jiki, sai na tarar sun ƙara launuka da wurin tallan atamfa. Wata ta sake fitowa, an sa hoton zobe a kan sanarwar aure. Rasuwa tana nan yadda take, da kiɗanta. Duk fitowa sai na kira Mukhtar, har ya fara barin wayar tana ƙara ba ya ɗagawa. Na bar manhajar a kan waya ɗaya cikin kwando, na saita ta a unguwar Madabo, don duk abin da Gwaggo za ta ji in ji shi tare da ita.

Wata rana da hantsi, ina buga wa wata ɗaliba aikinta, kwando ya yi kiɗa. "Sabuwar sanarwa!" Ta faɗi cikakken sunan Habu, ta ce direba, ɗan gidan Gwaggo Hansai na Madabo, ya rasu a hatsarin mota, ana hanyar kawo shi. Daga baya na ji abokin aikinsa ne a tasha ya rubuta, yana kuka yana rubutawa, a ganinsa taimako ya yi don mutane su samu jana'iza. Ban ga laifinsa ba. An ba shi wurin rubutu da wurin dannawa, ya rubuta ya danna.

Na kira Mukhtar ina laluben takalmina. Wannan karon ya ɗaga. Na ce, "Ka janye ta yanzu-yanzu." Ina jin yana buga kwamfuta. Ya ce ya goge ta daga wurinsu, amma duk wayar da ta riga ta karɓa ta karɓa, ba shi da hanyar shiga ya cire. Na ce, "Da ka gina hanyar," na kashe. Gyaran nan da na yi ta roƙo ana ce mini sai gaba, a cikin satin suka gama shi. Ashe ba wuya gare shi ba.

Na tari adaidaita sahu har bakin lungu, daga nan sai ƙafa. Ni da gwiwar nan tawa na yi gudu a cikin Madabo, mayafi na zamewa ina janyowa. Abu ɗaya nake roƙo, bangon ɗakin Gwaggo da na daɗe ina zagi saboda hana sabis shiga, yau ya yi mini rana. Ko an ɗauke wayar daga taga an kai caji. Ko data ta ƙare.

A ƙofar masallacin unguwar na tarar da maza tsaye cirko-cirko, ana magana ƙasa-ƙasa. Liman ya tare ni. "Malama Rabi, gidan za ki? To don Allah ki kama bakinki, ba ta sani ba. Mun aika a ɗauko ƙaninta Malam Isa daga kasuwa, shi ya kamata ya shiga. Mun hana mata kuka, mun hana kowa leƙawa. Ki zauna da ita kawai ki ɗebe mata kewa." Sun tsare ƙofa, sun tsare lungu, sun yi duk abin da iyayenmu suka koya mana. Da yawansu ma a wayar suka ji, amma babu wanda ya kawo a ransa cewa tsohuwar da ba ta karatu tana da irinta a ɗaki.

Na yi sallama na shiga. Gwaggo na zaune a kan tabarma a ƙofar ɗaki, da faranti a cinya tana tsintar wake. Ta amsa sallamar kamar kullum, ta tambayi mutanen gida, ta tambayi gwiwa. Na sauke ajiyar zuciya. Na leƙa taga, babu waya. Na ce, "Gwaggo, ina wayar? Wani abu na zo in ɗan duba."

Ta nuna mini da haɓa. Can gefen randa an kife kwanon tuwo a ƙasa, an danne shi da dutse. Ina miƙa hannu kiɗan ya tashi daga ƙarƙashinsa, muryar ta fara, a toshe amma ana jin kowace kalma. Na ture dutsen, na fizge kwanon, na kashe wayar gaba ɗaya.

Gwaggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "Tun ɗazu take yi. Ban san inda ake taɓawa ta yi shiru ba."

Na durƙusa a gabanta. Sai a lokacin na lura da waken da take tsinta, mai kyau da tsakuwa duk wuri ɗaya take zubawa.

Ta ce, "Su wa ke waje?"

Na ce, "Liman ne da mutanen unguwa. Kawu Isa suke jira."

Ta gyaɗa kai. "To tashi ki zauna sosai, ki goge fuskarki. Kada ki gaya musu ta riga su."

Na ce, "Gwaggo..."

"Na ce kada ki gaya musu. Ni na haife shi, ni na goya shi. Ba zan karɓi maganarsa daga bakin abin da ake sa wa caji ba. Mutum nake jira ya zo ya zauna ya gaya mini."

Muka zauna. Haushi ya cika ni har wuya, ga shi ba wurin ɗaga murya ba ne, na rasa wanda zan sauke wa. Na tura wayar cikin jakata na danne jakar da gwiwar hannu, kamar za ta iya tashi da kanta. Maƙwabta biyu suka shigo da jajayen idanu, suka kama hirar tsadar gawayi. Gwaggo ta biye musu, ta ce ai mai kawo mata ma ya rage awo. Ta sa ɗaya ta miƙo mata babban mayafinta, wai tana jin sanyi, alhali rana ta take. Su suna ganin sun iya ɓoyewa, ita kuma tana taya su.

Can muka ji gyaran murya a zaure. Kawu Isa ya yi sallama ya shigo, liman na biye da shi. Ya cire takalmi, ya zauna a bakin tabarma, suka gaisa da 'yar'uwarsa doguwar gaisuwa, bai tsallake komai ba. Ya cire hularsa yana murzawa a hannu. Sannan ya ce, "Yaya, kirana aka yi daga tasha. An ce su Habu sun ɗan gamu da tsautsayi a hanya."

Gwaggo ta ajiye farantin a hankali, ta gyara mayafinta, ta dubi ƙaninta. Ta ce, "Subhanallahi. Yaya jikin nasa?"

Ya ce, "To, an ce jikin ya yi tsanani."

Ta ce, "Isa, gaya mini."

Ya matso ya kama hannunta da hannuwansa biyu. "Sai haƙuri, Yaya. Habu ya riga mu gidan gaskiya."

Sai a lokacin ta yi salati. Sai a lokacin ta kifa kanta a kafaɗarsa ta fashe da kuka.